Abin da Ya Sa Ba Na Haɗa Makara

Kwanakin baya da hantsi wasu samari suka shigo shagona a Gwallaga, irin waɗanda suke ɗaukar wasan barkwanci da waya suna watsawa duniya ta gani. Na san su, sun saba zuwa hayar gemu da kakin ɗan doka. Babbansu, wani dogo mai suna Nazifi, ya rusuna ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baba, makara muke so ka haɗa mana. Za mu bi da ita ta titi, gawa ta tashi zaune, mutane su watse, mu kuma mu ɗauka."

Na ce, "Ba na haɗa makara."

Ya yi dariya. "Haba Baba! Sanda nawa ce? Kai da ka yi mana kan kura? Wasa ne fa kawai."

Wannan "kawai" ɗin ita ta sa na ajiye almakashi na ce su jawo benci. Abin da na gaya musu shi zan maimaita a nan, don ba su kaɗai ne suke ganin sana'ar nan ba komai ba ce.

Sunana Sale, amma a unguwar nan sai ka ce Sale Mai Gemu za a nuna maka ƙofata, ko da yake wanda Allah ya ba ni a haɓa ana iya ƙirga shi da yatsu. Gemun wasu nake yi. Aikina haɗa kayan wasan kwaikwayo: rawani, takobin katako, kan dodo, bangon gidan da ba gida ba ne. Tun ina saurayi nake cikin wasa har na yi furfura, ban taɓa tsayawa gaban 'yan kallo na faɗi ko kalma ɗaya ba, kuma ban ji na yi asara ba.

Gemun farko da na yi, a shagon Baba Haruna na yi shi, can wajen Wunti. Kafinta ne. Mahaifina ya kai ni in koyi ƙofa da benci, bai san a bayan shagon akwai wani ɗaki cike da kawunan kuraye da hulunan sarakuna na kwali ba. Baba Haruna gajere ne, mai faɗa, ba ya yabo. Ya miƙo mini auduga da gam ya ce in yi gemun tsoho. Na yi shi fari fat, ina ta jin kaina. Ya manna mini a fuska, ya yafa mini tsohuwar riga, ya ce in je bakin kasuwa in sayo masa goro. Ban kai titi ba yara suka biyo ni suna tafi, wani mai keke ya tsaya ya ce, "Kai, tashe tun azumi bai kama ba?"

Da na dawo Baba Haruna ya ce, "Wannan gemun tashe ne. Ba laifi ba ne, shi tashe so ake a gane yaro ne a ciki, dariyar ke nan. Namu kuwa sai an ce maka sannu Baba."

Ya koya mini in je kwata in roƙi gashin wutsiyar shanu, in wanke da ruwan toka, in shanya a inuwa don rana tana sa shi karyewa, in taje, sannan in ɗinke shi sili-sili a kan ƙyallen tsohon gidan sauro. Gemun tsoho ba fari ɗaya ba ne. Akwai fari, akwai ruwan toka, akwai inda goro ya rina a ƙarƙashin leɓe. Na shafe damina guda ina ɓata gashi kafin ranar da wata mai ƙosai ta dube ni ta ce, "Sannu Baba, na nawa za a zuba?" Na dawo da gudu na gaya masa. Bai ce na yi ƙoƙari ba, cewa ya yi tsoho ba ya gudu, in ɗauko tsintsiya in share shago. Jarrabawar gidanmu ke nan: abin da ka haɗa bai yi ba sai ya ruɗi titi. Da ita muke alfahari, kuma ita ce ta kai mu ƙasa daga baya.

Kayan aikinmu ba su da tsada, saninsu ne aikin. Zarto, guduma, basilla, almakashi, buhun algarara, kwali, sitaci. Jini zoɓo ne da aka dafa ya yi kauri aka ɗan zuba masa sitaci, in ka kuskura ka sa sukari ƙudaje za su fi 'yan kallo yawa. Tsawa, fallen kwanon rufi ake girgizawa a bayan labule. Ruwan sama tsakuwa ce a cikin faifai. In ana son sabuwar riga ta zama ta talaka, ba yayyaga ta ake yi a bari ba, don talaka ba ya yawo da yagaggiyar riga, ɗinkewa yake yi. Sai ka jiƙa ta a ruwan shayi, ka goga wuya da gwiwar hannu a kan dutse, ka yaga, sannan ka ɗinke da zaren da bai dace da launinta ba.

Baba Haruna ba ya wuce wasa, ko na wane ne, Bauchi kuwa gari ne da kowa ya zo da nasa. Yana da aboki ɗan Tibi a wajen bariki, mai sassaƙa 'yan tsana masu motsi irin na wasan garinsu, a wurinsa ya koyi yadda ake sa muƙamuƙin kura ya buɗe ya rufe. Wata shekara 'yan wasan Yarbawa suka zo a babbar mota suna yawo gari-gari, katakon dandamalinsu ya karye aka kira shi gyara. Ya ce ladansa shi ne a bar shi ya tsaya a bayan labule ya ga yadda suke canza kaya. Da kaka yakan hau keke ya tafi ƙauyukan duwatsu kallon dodanni, ya dawo yana zana mini a ƙasa yadda aka saƙa rigar ganye. Abokansa na masallaci suna yi masa tsiya, shi kuma yana cewa saƙar ya je gani.

Akwai kuma wani malami Ba'indiye a wata makarantar sakandare, zamanin da suke da yawa a makarantunmu. Shi ke shirya wa ɗalibai wasan ƙarshen shekara, mu muke yi masa kaya. Wata shekara wasan ya zo da kisan sarki. Baba Haruna ya kai masa wuƙar da ya ƙera, wadda bakinta ke shigewa cikin ƙota in an soka, da 'yar jakar zoɓo da za a ɓoye a hammata. Malamin ya jujjuya wuƙar, ya yaba, ya mayar masa. Da Hausarsa ta koyo ya ce, "Malam Haruna, garinmu, wasa na dā, mutum ba ya mutu gaban jama'a. Wani ya shigo, ya ce sarki ya mutu. Mutanen Girka na dā ma haka ne."

A hanyar komawa, ina tura keke da kaya, Baba Haruna ya yi tsaki ya ce, "Ba su da kafinta ne." Na yi dariya har na kusa kifar da kayan.

Aikin da ya fi sauƙi shi ne na zauren taro a GRA. A zaure irin na Turawa 'yan kallo duk suna gabanka, dandamali ya ɗaga sama, ga labule. Gida fuska kawai za ka yi masa, bayansa sanda ce ta tokare. Na taɓa yi wa wani coci a Yalwa raƙumi don wasan Kirsimeti, gefe ɗaya na shafa wa fenti, babu wanda ya sani sai mutum biyun da ke ciki. Amma abincinmu ba a zaure yake ba. Ƙungiyarmu ta wasa ta fi samun aiki daga ma'aikatan lafiya da na gona, waɗanda suke ɗaukarmu a mota zuwa ƙauyuka mu yi wasan wayar da kai a fili. Can babu labule, babu gaba babu baya. Mutane suna kewaye da kai, maza nan, mata can, yara a kan bishiya suna kallon tsakiyar kanka. Duk abin da ka haɗa sai ya zama cikakke ta kowane gefe, har ƙarƙashinsa, don akwai wanda zai leƙa.

Aikin da ya jawo maganar nan na wani ƙauye ne a ƙasar Zungur, ba zan faɗi sunansa ba. A lokacin na riga na yi aure, ni ne na hannun daman Baba Haruna. Daminar da ta wuce amai da gudawa ya yi musu ɓarna, shi ne aka ce mu je da bazara, kafin ruwa ya sauka, mu yi wasa a kan rufe rijiya da tsabtar guga. Labarin mai sauƙi ne. Wani magidanci mai taurin kai ya ƙi yi wa rijiyarsa murfi, ciwo ya kama shi ya mutu. A kashi na biyu mutanen unguwa su taru su gyara rijiyar, a nuna yadda ake yi dalla-dalla. Kashi na biyun nan shi ne dalilin zuwanmu. Ɗanlami, wani mai shayi a nan Gwallaga wanda ya fi kowa iya ba da dariya, shi ne magidancin.

Dukanmu muka yarda sai an ga gawa mutane za su tsorata. Baba Haruna ya samo tukurwa ya haɗa makara, ya ɗaure ta da igiyar kaba yadda ake yi, ya shafa mata ƙasa da maiƙo a wuraren da kafaɗa ke gogawa. Ni na ɗinka likkafani, na bar wa Ɗanlami kafar numfashi. Babu wanda ya ce kada a yi. Direban mota ne kawai ya ce shi dai kada a ajiye ta kusa da shi, muka ɗauki wannan a matsayin yabo.

Bayan la'asar aka fara, a ƙofar gidan dagaci. Wasa ya yi kyau. Ɗanlami ya ba su dariya har ya kwanta ciwo, dariya ta ɗauke. Aka shiga da shi bayan wata zana da muka kafa, aka fito da shi a makara, samarinmu huɗu suna ɗauke. Mun riga mun ce wa makaɗi ya yi shiru a wannan wurin don abin ya shiga jiki. Tsarin shi ne su ratsa jama'a, su sha kwanar katangar masallaci, su sauke shi a bayan mota inda nake jira da ruwan sha.

Ina tsaye na ga sun shawo kwanar. A daidai lokacin wasu magidanta na wata unguwa ta gefe suna dawowa daga sharar gona. Ba su san ana wasa ba, ba su ji ganga ba. A gabansu akwai wani dattijo, daga baya na ji sunansa Malam Jibo. Yana ganin makara ya yar da gatarinsa, ya ce innalillahi, ya nufo ya sa kafaɗa. Kun san al'ada, in mutum ya zo karɓar gawa don neman lada sakar masa ake yi, balle dattijo. Yaronmu na gaba bai ma yi tunani ba, jikinsa ne ya saki. Kafin in buɗe baki an karɓe sauran ukun. Babu wanda ya tambayi wa ya rasu, wannan sai an dawo ake tambaya. Suka miƙi hanyar maƙabarta da sauri irin na masu gawa, suna la'ilaha illallahu, mu kuma muna biye muna cewa, "Baba ku tsaya, Baba wasa ne," amma ƙasa-ƙasa, don babu wanda ya iya ɗaga murya a bayan makara. Ko mu da muka haɗa ta.

Ɗanlami ya ce daga baya tafiyar ce ya ji ta canza, ga muryoyin da bai sani ba. Ya daure har ya ji an sauka daga hanya an shiga yashi. Nan ya ce, "Don Allah ku sauke ni."

Ba sauke shi aka yi ba, sakinsa aka yi. Ya faɗo a kan kafaɗa ta goce. Mutane suka watse, wani ya faɗa cikin ƙaya, wani ya bar hula. 'Yan kallo da suka biyo hayaniya suka iso, yara suka fashe da dariya, har da wasu manyan. Irin abin da Nazifi yake son ɗauka da waya ke nan, kuma ba zan yi ƙarya ba, abin dariya ne in daga nesa kake.

Malam Jibo kaɗai bai gudu ba. Yana nan tsaye. Ya dubi Ɗanlami yana fito da kai daga likkafani, ya dubi makarar, ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Baba Haruna ya matso ya durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

Malam Jibo ya ce, "Bara a kan irin wannan na kai matata da jikokina, ta wannan hanyar. Tun daga katangar can nake roƙa wa bawan Allahn nan gafara da zuciya ɗaya. Ashe ƙarya nake yi wa addu'a. To wa zan ba ita yanzu?"

Dagaci ya ce mu kwashe kayanmu kafin magariba, kada a sake ganin ƙafarmu a garin. Kashi na biyu, na murfin rijiya, ba a yi shi ba.

Wannan ita ce mummunar shekararmu. Labari ya riga mu isowa gari, kuma ya iso da ƙari. Wasu suka ce likkafanin gaske muka sato, wasu suka ce a cikin maƙabarta muka yi rawa. Ma'aikatan lafiya suka daina nemanmu. Makarantu suka ce bana ba za a yi wasa ba. Aka ambace mu a wa'azi, ba da suna ba, amma kowa a sahu ya waiwayo. Ɗanlami ya koma teburin shayinsa da hannu a rataye, samari suna zuwa suna cewa, "Gawa, a haɗa mana mai kauri." 'Yan wasa suka watse, wani ya koma acaɓa, wani ɗinki. Mu muka koma ƙofa da benci da allon makaranta. Ɗakin baya kuwa gara ta shiga ta cinye kawunan kuraye, babu wanda ya kula.

Baba Haruna ya kwance makarar da hannunsa ya ba maƙwabciya tukurwar ta yi girki. Ya yi ta hawa keke zuwa ƙauyen neman gafara, Malam Jibo ya ƙi fitowa zaure. Da damina ta yi nisa muka ji ciwon ya sake shiga yankin. Ranar da labarin ya zo Baba Haruna bai taɓa zarto ba. Wajen azahar ya ce mini, "Sale, ka lura? Mai tashe yana da ganga da waƙa. Dodo yana da mai bulala a gabansa. Yarbawan nan ba sa fara komai sai sun yi waƙa da rawa. Mutanen abokina ɗan Tibi suna da mai ba da labari a tsaye a gefe. Bature yana da labule. Kowa yana da yadda yake ce wa jama'a daga nan zuwa nan wasa ne. Mu muka kashe ganga, muka fita daga fili da gawa." Sannan ya ce, "Ba'indiyen nan ashe ba kafinta ya rasa ba."

Daga nan ya shiga neman yadda mutum zai mutu a wasa ba a ga gawa ba. Bai so wani ya shigo ya faɗa da baki kawai, shi mai haɗa kaya ne, yana son ido ya ga wani abu. In mun tashi aiki sai ya shimfiɗa tabarma a shago, ya ajiye buta, ya ɗauke, ya ajiye hula, ya ja da baya ya duba. A ƙarshe ya tsaya a kan abu ɗaya: takalmi a bakin tabarma, mace ta fito da kwanon tuwo kamar kullum ta tarar babu mai ci. Bai ga an yi shi ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi a daminar da ta biyo, ya rasu. Na yi kuka a jana'izarsa. Da na sa kafaɗa na ji nauyin, na gane abin da muka yi wa Malam Jibo fiye da yadda na gane shi a ranar.

Da bazara ta zagayo, wata malamar asibiti da aka kai yankin ta roƙi dagaci a bar mu mu dawo, don ta gaji da bayani da baki babu mai saurare. Dagaci ya ce maganar ba tasa ba ce, ta Malam Jibo ce. Saƙon da dattijon ya aiko gajere ne: zai zauna a gaba, in ya ga abin da ya yi kama da makara, da gatarinsa zai sare ta. Mun san in wannan ma ya ɓaci ƙungiya ta mutu ke nan, babu mai sake kiranmu. Na bi 'yan wasa gida-gida ina lallashi. Ɗanlami sai da na sha shayinsa har ya gundure ni kafin ya yarda.

Takalmin ne ya ba ni wahala. Na sayi sabo a Wunti, na goga a dutse, na jiƙa, na binne a ƙasa na tono. A wajen gwaji in an ajiye shi a bakin tabarma, takalmi ne kawai, babu mutum a cikinsa. Gemu ana yin na ƙarya, riga ana tsufar da ita, amma takalmi sai ƙafa ɗaya ta shekara tana cinsa. Akwai na Baba Haruna a wurina, na fata, iyalinsa suka ba ni bayan rasuwa, bai shige ni ba na ajiye. Dunduniyar hagu ta cinye ta gefe saboda yadda yake jingina in yana zarto, ga shatin babban yatsa, ga ɗigon fenti. Na daɗe ina shakka, sannan na je na tambayi matarsa, Goggo Hauwa. Ta ce, "Sale, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a wasan nan, takalminsa ne zai ƙi zuwa? Ɗauka ka je."

Ranar wasan, kafin kowa ya zauna na zagaya fili da toka na yi da'ira. Aka sa mai shela ya bi unguwa-unguwa har bakin gonaki yana faɗin wasa za a yi. Na ce wa makaɗi ko hannunsa zai tsinke kada ya tsaya, ya dai sassauta. Babu ɗan wasan da zai ƙetare tokar nan sai ya cire gemu. Malam Jibo yana gaba a kan buzu, gatari a kan cinya.

Ɗanlami ya fito sanye da takalmin, ya yi taurin kansa, ya ba da dariya. Da ciwo ya kama shi ya tuɓe shi a bakin tabarma ya kwanta, aka tallafe shi aka shiga da shi bayan zana ba takalmi. Ganga tana tafiya a hankali. Can sai wadda ta fito a matarsa ta zo da kwanon tuwo, ta ce, "Malam, ga abinci," ta sunkuya za ta ajiye, idonta ya sauka a kan takalmin. Ta tsaya a sunkuye. Ta ajiye kwanon, ta zauna a ƙasa, ta jawo takalmin ta jera shi daidai. Ba ta yi ihu ba. Daga ɓangaren mata wata ta fara kuka, na gaske, wasu suka kama. Babu wanda ya tashi. Aka shiga kashi na biyu aka yi shi har ƙarshe, da aka gama magidanta suka kewaye ni suna tambayar irin katakon da ba ya ruɓewa a bakin rijiya.

Daga nan ƙungiya ta sake tashi, muka yi shekaru muna yawo, ba mu sake ɗaukar gawa ba, ba mu sake yin wasa babu da'irar toka ba. Na ce wa su Nazifi wayarsu ba ta da toka. Wanda za su tsorata a titi bai sayi tikiti ba, bai ji ganga ba, kuma ba su san wa ya binne bara ba. Ban san ko daga nan wurin wani kafintan suka nufa ba. Za su fita Nazifi ya hango takalmin a saman kanta, ya ce, "Baba, shi ne wancan? To a ba mu hayarsa mana." Na ce wannan ba na haya ba ne, na gaya masa dalili.

A ranar da muka koma ƙauyen, bayan jama'a sun ragu, ina naɗe tabarma na ga inuwa a kaina. Malam Jibo ne, ya ƙara tsufa ƙwarai. Ya nuna takalmin da ƙotar gatari.

"Yaro, wannan ma ku kuka ƙera shi?"

Na ce, "A'a Baba. Wannan ba ya ƙeruwa."

"To na wane ne? Na ga mai shi yana jingina a ƙafar hagu."

"Na maigidana ne, wanda ya durƙusa a gabanka ran nan. Shi ya tsara wurin tabarmar nan. Allah ya yi masa rasuwa da damina."

Ya daɗe yana kallon takalmin. Ya ce, "Gajeren nan mai keke? Ina jin sallamarsa daga ciki. Ban fito ba."

Na ce shi ne.

"Yaya sunansa?"

"Haruna."

Ya ajiye gatarin a ƙasa, ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa tana ƙara. Ya ce, "Ɗaga hannunka. Addu'ar nan da na yi a hanyar maƙabarta, tun ranar take wurina, ban san inda zan kai ta ba. Yau na sami mai ita."

Muka ɗaga hannu ni da shi a tsakiyar tokar, takalmin yana tsakaninmu. Ya yi ta yi har ladan ya kira magariba, sannan muka shafa.